Ranar Sababbin Alluna

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da fuskokin mutanen da muka ci tuwo a akushi ɗaya, amma ranar da na raba sababbin alluna a wani ƙauye kusa da Tama ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Shekarun ne da Nasara ke ɗibar samari zuwa soja. Ni kuwa ina sabon malami, gemu bai gama fitowa ba, ina ji da kaina fiye da kima.

Yara goma sha ɗaya nake koyarwa a zauren mai gari. Al'adar wurin, in yaro ya kai ƙarshen izu, uwarsa ta dama fura a kawo sadaka, shi ke nan. Ni sai na ga abin ya yi kaɗan. Na ce bana rana guda za a ware bayan girbi, kowa ya sa fararen kaya, a yi yanka, kowane yaro ya yi karatu a gaban iyaye, ladansa sabon allo. Gaskiyar magana, so nake a gan ni.

Na je kasuwar Buza na sa masassaƙi ya yi mini alluna iri ɗaya sak. Kwana uku ina rubuta wa kowa surar da ya kai, ina ƙawata gefe da zayyana. Suna kam ban sa ba, don ba a sa wa allo suna. Yaro ya san nasa ne da tsagar da ke gefe, ko ƙunar wuta, ko inda ɓera ya gwaguya. Ko kaɗan wannan bai zo mini a rai ba.

Akuyar da aka yanka ta wani manomi ce, dattijo marar yawan magana. An tafi da babban ɗansa soja, saura ƙaramin, wanda shi ne gwanin makarantata. Damina biyu uban yana noma shi kaɗai, ko korar tsuntsu bai sa yaron ba. Burinsa ɗaya ne, in wasiƙar ajami ta zo daga wan, ƙanen ya karanta masa a cikin gida, ba sai wani bare ya ji sirrinsu ba.

Da hantsi gari ya taru. Na jera allunan a kan tabarma, na ce kowa ya zo ya ɗauki nasa. Sai yara suka yi cirko-cirko. Wata 'yar makiyaya da ban cika kula da ita ba ta duƙa, ta bi rubutu da yatsa, ta ɗauki nata. Biyu suka yi kamar yadda ta yi. Sauran suka dinga juya alluna suna neman tsagar da babu ita. Gwanin nawa ya ga ido ya yi masa yawa, ya suri na kusa da shi, ya zauna ya soma.

Karatu yana ta zuba babu gargada, mata na guɗa daga bayan darni. Ni da na yi rubutun na san allon na ɗan autan makaranta ne, layi huɗu kacal. Shi kuwa tasa surar yake ja da ka; na bar shi ya ci gaba, ina fatan a wuce wurin.

Limamin garin ya bari sai da yaron ya kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, gwada min inda kat tsaya."

Yaron ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ɗora yatsa a kan zayyana.

Uban ya juyo gare ni. "Malam, mi ya hwaru?"

Ba ni da wurin ɓuya. Na gaya masa da kunne yaron ya haddace, bai san baƙi ba. Ni nake biya musu su maimaita, in na ji murya ta yi daɗi sai in ce a wanke allo. Ban taɓa nuna harafi na ce mene ne wannan ba.

Uban ya kalli tafin hannunsa. "Damana biyu, Malam," in ji shi. Can ya ɗaga murya, "Ku ci nama, jama'a, an riga an yanka." Aka ci.

Washegari ya tafi da yaron garka, lambunsu da ke fadama, bai sake dawo da shi ba. Da bazara wasiƙar ta iso. Ina zaune a ƙofar zaure ya wuce da ita a hannu, ya yi mini sallama yadda ya kamata, ya kama hanyar garin Madawa a ƙasa, neman baren da zai karanta masa.

Na yi shekara arba'in ina koyarwa bayan nan. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin malami ya tara jama'a su yaba wa yaro, ya fara zama da shi su biyu ya tabbatar da abin da ya sani. In bai yi haka ba, shi kunya kawai zai sha, asarar kuwa a kan uban da ya yarda da shi take faɗawa.