Manjan da ke cikin littafin abokina

Shekarun baya abokina, wanda muka yi firamare tare a Yammedi, ya rubuta littafi. Ni da karatuna bai yi nisa ba, na fi kowa yawo da shi, sai ka ce ni na rubuta. Matar ƙanena ta karanta shi har bangon ya cire. A ciki akwai wani manomi da ya sha maganin feshi bisa kuskure, matarsa ta ɗura masa manja, ya yi amai, washegari ya koma gona.

Da damina ta yi nisa, ƙanena ya je feshin wake. Ragowar maganin na cikin gorar lemo, kusa da gorar ruwansa. Ƙishi ya kama shi, ya ɗauki wadda ba ita ba. Ranar ina kasuwar Rogo. Maƙwabcinmu ya kawo babur, ya ce a wuce asibitin Karaye. Matar ƙanen nawa ta ce a dakata, ta san maganin, ta gani a rubuce. Aka ɗura masa manja, aka zauna jira. Ya yi aman, amma bai tashi ba. Da aka kai shi, likita ya ce aman ya shiga huhu, kuma an makara.

Ranar sadakar bakwai abokina ya zo gaisuwa. Na ja shi gefe.

"Malam, zancen manjan nan, wa ka tambaya?"

"Haba, ai haka ake faɗa. Kuma ƙagaggen labari ne, ba littafin likita ba."

"Leshin amaryar da ke ciki fa? Ba kai ka ce mini har Kano ka je ka tambayo sunansa ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Na san kwana ne ya ƙare, ba shi zai koya mini ba. Amma asibiti ya fi Kano kusa da gidansa.

Muna gaisawa yanzu, iyakarta ke nan. Ku masu rubutu, ku sani, a wajenmu abin da aka buga a takarda ba a musu da shi. In ba ku sani ba, ku tambaya, ko ku bar shi.

Matar ƙanena har yau ba ta sa manja a miya. 'Ya'yansa sun ɗauka ba ta so ne kawai.