Tsamiyar da Ta Lanƙwasa Mini Katanga

Malam Edita, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Zariya, ni saurayi ne, ina aikin jera katakon layin dogo. Karatuna na allo ne, sai ɗan bokon da na tsinta wurin wani akawu. Aikin ya sa mini son abu miƙaƙƙe, har ba na iya ganin tabarma a karkace in wuce. Da aka ba ni fili a Tudun Wada, unguwar tana sabuwa, na ɗauko goggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, muka tare cikin dangar kara kafin in ja katanga.

Goggo 'yar bori ce. Ban taɓa son abin ba, ita ma ta sani. Ta sha gaya mini yadda yake zuwar mata: da fari sanyi a ƙeya, sannan ƙamshin turaren da ba wanda ya kunna, sai sautin garaya ya yi ta nisa kamar daga ƙasan rijiya. Daga nan ba ta sake sanin komai sai ta yi atishawa, iskan ya sauka. Saboda haka dole amintacce ya zauna kusa, ya riƙe abin da aka faɗa, ya maimaita mata.

Ranar da na ja igiyar awo, sai ga wata tsohuwar tsamiya daidai kan layin katangata. Na ce sarewa za a yi. Goggo ta ce tsamiya ba ta rasa masu gida, in bari ta tambaya tukuna. Tsohuwar da ke zama mata ta tafi suna a unguwar Gyallesu, mai garaya kuwa bare ne, iyakarsa bayan danga. Sai ta zaunar da ni. Da hantsi kiɗa ya yi zafi, muryar wani tsoho mai faɗa ta fito daga bakinta. Ya kira ni yaron Turawa mai igiya, ya tambaya ko ubana ne ya shuka bishiyar. Ya ce akwai baƙi dubbai a ciki masu saurin fushi, kada ƙarfe ya taɓa ta. Goggo ta yi atishawa, ta sha ruwa, ta tambaye ni me aka ce. Na dubi tsabar idonta na ce an yarda, za su koma Tudun Jukun. Ta ce tunda ɗanta ne ya ji, shi ke nan. Da bakinta ta sanar da maƙwabta.

Washegari na ɗauki gatari. A sara na uku ƙudan zuma suka ɓarko daga wani kogo can sama. Na yar da gatarin, na yar da hula, na wuce masallaci a guje, ban tsaya ba sai cikin kududdufin da muke haƙar ƙasar gini. Kwana huɗu fuskata tana kamar ƙwarya. Da na koma aiki, Baturen da ke kula da mu bai gane ni ba, har ya sa a nuna mini yadda ake riƙe diga.

Ni dariya kawai aka yi mini, Goggo ce ta kwashi kunyar. Zumar ta harbi mata biyu masu daka da akuyar liman. Aka fara cewa iskanta maƙaryaci ne. Mata suka daina shigowa wurinta, a bakin rijiya ma da ƙyar ake amsa mata gaisuwa. Ita kuwa tana shafa mini magani tana ba ni haƙuri, wai ita ta jefa ni. Wannan haƙurin ya fi harbin zafi.

Ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci, na tara maƙwabta nesa kaɗan da tsamiyar, na faɗi komai bi da bi: abin da aka ce, abin da na ce an ce, da dalilina. Goggo ta yi dariya har da hawaye. Ta ce dama ta yi mamaki, shekara talatin tana tare da tsohon nan, bai taɓa yarda da komai a tambayar farko ba. Matan da aka harba suka zazzage ni son ransu, sannan suka bi ta ɗaki.

Har yau ban yarda da bori ba, gaibu na Allah ne shi kaɗai. Amma ni da nake ganin na fi ta tsarki, ni na yi ƙaryar. Ina gargaɗin masu karatu, in wani ya amince ku zama kunnensa, ku mayar masa da maganar yadda take, ko ta ɓata muku tsari. Goggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Katangar tana nan, ta yi ciki ta zagaye tsamiyar. Duk maginin da ya ce zai miƙar mini da ita, nakan nuna masa gatarin in ce ya fara.