Fatihar da Ba a Yi Mata Ba

A shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin kudu, ina aikin sauraron masu ciwon rai a wani asibiti a garin Gadarif. Likita ya turo mini wata dattijuwa daga ƙauyen Gadambaliya, wai kanta ke ciwo amma an auna ba a ga komai ba.

Ɗanta mai yankan dawa ne. An ɗauke shi, ya mutu a kudu shekara shida kafin zuwanta, ba a kawo gawa ba. Mutanen hukuma suka zo da rago da dabino da lasifika, suka ce bikin shahidi za a yi, ango ne a aljanna. Aka hana zaman makoki. Aka ce ta yi guɗa, ta yi.

Wata huɗu tana zuwa duk Talata, ni kuwa ina ta jero mata tambayoyin banza da aka koya mana a jami'a. Ran nan ta ce, "'Yata, ni fa kowa barka ya yi mini."

Na ajiye alƙalami na miƙe. Na ɗaga hannuwa kamar yadda ake yi in an shiga gidan rasuwa, na ce, "Al-Fatiha, Inna. Allah ya ba ki haƙuri."

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana kuka. Wata nas ta leƙo ta tambayi wa ya rasu. Na ce ɗanta. Ta ce yaushe? Na ce yau.