Ranar da Aku Ta Ƙi Barcin Rana

A layinsu ba wanda yake kiranta da sunanta. Matar Mai Agogo ake ce mata, ko da yake shekara huɗu ke nan da rasuwar mai agogon. Shekara arba'in da ɗaya suka yi a gida ɗaya mai ɗaki biyu da kicin, da wani siririn ɗaki a can ƙurya inda yake aikinsa. Ita ba ta taɓa koyon gyara ba. Abin da take yi shi ne, idan ya buɗe cikin agogo, ta zauna a gefensa riƙe da wani farin faranti, yana zaro 'yan ƙusoshi da hantsaki yana ajiyewa a ciki, kowace ba ta fi ƙwayar yashi ba. Yakan ce tebur yana girgiza, amma hannunta ba ya rawa. Da ya rasu ta kulle ɗakin da agogo goma sha tara a bango, duk a tsaye, ba ta ƙara buɗe shi ba.

Bayan shekara guda 'yarta, wadda nas ce a asibitin yara, ta dawo gidan da zama tare da jaririyarta, domin mijinta yana aiki a nesa. Renon ya faɗa hannun tsohuwa. Tun da yarinyar ta fara magana ba ta ƙara yin shiru ba, saboda haka aka sa mata Aku.

Kullum da ƙarfe biyu na rana Aku takan ɓingire da barci, sai ƙarfe uku ta farka. A cikin wannan sa'a ce abin ya fara. Da farko tsohuwa ta ji an ja kujera a ɗakin da yake kulle. Sai aka yi gyaran murya sau biyu. Sai ƙarar hantsaki, ƙas, ƙas, a hankali. Ba ta firgita ba, domin ta san wannan ƙara fiye da yadda ta san muryar kanta. Ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna, ta jingina bayanta da ƙofar, ta shiga ba shi labarin gida: wa ya haihu, wa ya tashi daga layin, yadda gwiwarta take damunta. Bai amsa ba, amma da ma ko yana raye ba ya magana idan yana aiki. Da Aku ta motsa a kan katifa, sai ɗakin ya yi tsit.

Haka aka yi shekara biyu. Ta lura cewa abin ba ya faruwa idan uwar ta fita da yarinyar, ko da gidan ya fi haka shiru. Sai dai idan Aku tana barci. Ta lura, amma ba ta so ta tambayi kanta dalili ba.

Da Aku ta cika shekara uku da wata biyu, sai ta ƙi barcin rana. A kwantar da ita, ta tashi zaune. A rufe labule, ta shiga ƙirga yatsun ƙafarta da ƙarfi. Tsohuwa ta kai ƙara wurin uwar.

"Umma, ki ƙyale ta, girma ne," in ji nas, tana cire takalmi. "Wasu suna shekara uku suke dainawa, wasu sai biyar. In dai na dare ya ishe ta, shi ke nan."

"Ke fa? Har kika shekara shida kina minshari da rana tsaka."

"Ni raguwa ce, ba ta gado ni ba." Ta dubi uwarta tana dariya. "Wai Umma, barcin nan nata ne ko naki?"

Kwana tara ba a ja kujera ba, tsohuwa kuwa ji take kamar an sake yi mata rasuwa. Ta gwada wanka da ruwan ɗumi, ta gwada tafiya da yarinyar har ƙarshen layi da dawowa, ta gwada waƙa. A rana ta goma haƙurinta ya ƙare. Ta danna kan Aku a kan matashi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Rufe ido, ko in saɓa miki."

"Kaka, ba na so. Hannuna ciwo yake yi."

"Me ya sami hannun?"

"Tsohon nan ne. In na yi barci sai ya ce in riƙe masa faranti, kar in motsa."

Yarinyar ta tashi zaune ta nuna: ta manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ta buɗe tafuka biyu, manyan yatsu kamar a bisa bakin faranti. Ba wanda ya taɓa gaya mata labarin faranti, kuma ba wanda yake riƙe shi haka sai mutum ɗaya.

"Wane tsoho?"

"Mai gilashi a ido ɗaya. Ya ce hannuna rawa yake yi. Ya ce in turo ki, ke kin fi iyawa."

A daidai nan aka ja kujera a ɗakin ƙurya, alhali idon Aku biyu. Sai wani barci ya taso wa tsohuwa daga ƙafafu, mai nauyi, mai daɗi, ita da ba ta taɓa runtsawa da rana ba. Katifar tana nan kusa, da wurin mutum ɗaya a gefen yarinyar. Kafin idonta ya rufe ta gane abu biyu. Na farko, shekara biyu tana ba da aron jikarta ba tare da ta sani ba. Na biyu, idan ita ta je riƙon faranti, ba ta da tabbacin za a sallame ta ƙarfe uku, kuma uwar yarinyar ba za ta dawo ba sai shida.

Ta ciji harshenta har ta ji gishirin jini. Ta dafa bango ta miƙe, ta lallaɓa zuwa kicin, ta ɗebo murafen tukwane huɗu, ta miƙa wa Aku biyu.

"Tashi, Aku. Buga. Buga da ƙarfi, kar ki tsaya sai na ce."

Suka yi ta bugawa, yarinyar tana ƙyalƙyala dariya, tsohuwa tana hawaye, har tela maƙwabcinsu ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Lafiya, Matar Mai Agogo? Gobara ce?"

"Lafiya lau, Tela. Yarinya ce ta girma."

Daga ranar ba a ƙara kwantar da Aku da rana ba. Daga biyu zuwa uku gidan nan ya fi kasuwa hayaniya, kuma tsohuwa ba ta zama, ko a bakin gado. Kewarsa tana nan, ba ta ragu ba, amma yarinyar ta daina kukan hannu.

A farkon zango mai zuwa Aku za ta shiga makaranta, kuma sai ƙarfe huɗu ake tashinsu. Da nas ta kawo 'yar jakar littattafai ta nuna, ta dafa kafaɗar uwarta ta ce, "Kin kusa hutawa, Umma. Gida zai zama naki ke kaɗai, sai ki riƙa ɗan kwanciya da rana."

Tsohuwa ta daɗe tana shafa jakar kafin ta ce, "To."