Ƙasimu Mai Kifi da Agogon Bugun Zuciya

Duk mai bin hanyar Wudil ya san rumfar Ƙasimu mai kifi da ke kusa da gada, ko da bai san sunan mai ita ba. Ƙato ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, shi kaɗai yake cika benci. Ga fara'a, ga tsokana. Direbobi kan tsaya wajensa ko ba su da niyyar sayen komai.

Da ba haka jikinsa yake ba. A bakin kogi aka haife shi, mahaifinsa masunci ne, kuma tun yana ƙarami ya iya iyo. Da ya zama saurayi ya yi haƙar yashi, ya yi fito, yana tsallakar da manoma a kwale-kwale zuwa fadamunsu. A lokacin duk jikinsa jijiya ce. Bayan ya auri Asabe, iyali suka fara yawa, sai ya bar ruwa ya kafa rumfa, kasuwa kuwa ta karɓe shi. Daga nan zama ya same shi. Daga safe har magariba yana kan benci, ya ɗanɗana wannan kifi, ya kora da lemo mai sanyi, ya koma gida a kan babur ya tarar da malmalar tuwo. Ƙiba ta riƙa shigarsa a hankali, mutane suna cewa hutu ne, shi ma yana dariya yana shafa tumbi.

Ya haura shekara hamsin lokacin da yayansa Zubairu ya rasu. Zubairu ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙe filafilin tuƙa kwale-kwale. Da aka sallaci gawa aka nufi maƙabarta, Ƙasimu ya kutsa ya sa kafaɗa a makara. Bai yi nisa ba numfashinsa ya sarƙe. Wani maƙwabci ya dafa shi ya ce, "Kawo, Malam Ƙasimu, huta." Aka karɓe, jama'a suka wuce, aka bar shi jingine da katanga yana haki. Ko da ya isa, an fara zuba ƙasa.

Bai gaya wa kowa yadda abin ya tsaya masa a rai ba. Bayan an share makoki ya je asibiti, likita ya ce jininsa ya hau, sukari ma yana bakin ƙofa, dole ya rage nauyi ya riƙa motsa jiki. Ƙasimu ya ɗauki maganar da zafi. Washegari bayan sallar asuba ya tafi filin makarantar firamare inda samari ke atisayen ƙwallo, ya bi bayansu da gudu kamar shi ma sa'ansu ne. Bai gama zagaye filin ba ya ga duhu-duhu, ya durƙushe. Samarin suka kewaye shi suna yi masa fifita da riguna. Kunya ta hana shi komawa.

Labari ya kai kunnen Bilkisu, 'yar marigayi Zubairu, wadda ke aikin jinya a asibitin jami'a. Da yamma ta zo gidan, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki da kasuwa, sannan ta fito da wani baƙin agogo daga jakarta.

"Baffa, kawo hannunka."

"Ina da agogo a waya, Bilkisu. Me zan yi da wannan?"

"Wannan bugun zuciya yake aunawa. Na yi magana da likitanka, ya faɗa mini iyakarka. Idan kana motsa jiki, lambar nan ta tsaya tsakanin ɗari da biyar zuwa ɗari da ashirin da biyar. In ta yi ƙasa, ka ƙara sauri. In ta wuce, zai yi ƙara, sai ka sassauta."

"To ai gudu ne ke narkar da kitse."

"Gudun da ya kayar da kai? Baffa, abin da za ka iya yi kullum shi zai rage maka jiki. Mun rasa Baba, ba ma so mu rasa ka."

Ya miƙa mata hannu ta ɗaura.

Abin da ya fara ba shi haushi shi ne, tafiya kawai ta ishe shi kaiwa lambar. Mutumin da ya taɓa ƙetare kogi da iyo lokacin da ya cika ya batse, yau ga shi ɗan saurin tafiya daga Sabon Gari zuwa bakin titi ya sa agogo yana yi masa tsiwa. Idan ya yi ƙara, dole ya rage sauri, tsofaffi masu zuwa gona su wuce shi suna yi masa sannu. Abokinsa Haladu mai faci kuwa ya samu abin tsokana. Da ya hango shi sai ya ɗaga murya, "A ba shi hanya, motar asibiti ce!" Ƙasimu ya yi dariya, amma a ransa ba daɗi.

A gida ma sai da aka sha fama. Bilkisu ta ce a rage tuwo da mai, a ƙara ganye, a bar lemon kwalba. Asabe ta ɗauka raini ne ga girkinta. "Shekara nawa ina ciyar da kai, yau ni za a koya wa tuƙa tuwo?" Ta yi kwanaki tana fushi. Daga baya, da ta ga ya daina minsharin da ke hana ta barci, ita da kanta ta fara dafa masa zogale da rama, tana gasa kifin maimakon soyawa.

Wata na farko ya wuce, ya hau sikeli a asibiti, allura ta ɗan motsa kaɗan kamar ba ta so. Ya cire agogon ya ajiye gaban Bilkisu.

"Karɓi kayanki. Wahalar banza nake yi."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta ce ya tuna lambar da yake gani idan ya kai bakin titi a makon farko, ya kuma tuna ta yau. Ya yi tunani. Da kafin ya kai wurin agogon ya yi ƙara, yanzu kuwa har ya wuce tasha shiru. "Zuciyarka ce ta fara ƙarfi," in ji ta. "Jikin zai biyo baya." Ya ɗauki abinsa ya mayar.

Sai kuma gwiwa ta tasa shi gaba, don nauyin ya yi mata yawa. Wata safiya yana zaune a bakin kogi yana murza ta, ya ga wani tsohon abokin aikinsa, Bilya, yana ɗaure kwale-kwale. Ya roƙi aro. Da ya shiga sai da jirgin ya nutsa har kusan baki, Bilya yana salati. Ƙasimu ya kama filafili, hannu ya tuna aikinsa. Ya tuƙa ya yi gaba da ruwa, yana satar kallon agogo. Lambar ta hau a hankali ta tsaya inda ake so, gwiwa kuma ba ruwanta. A tsakiyar kogi, inda babu mai ganinsa, ya tuna Zubairu, ya yi kukan da bai samu yi ba ranar jana'iza, ya yi masa addu'a, sannan ya juyo.

Tun daga ranar ya raba safiyarsa, wata rana ruwa, wata rana tafiya. Idan damina ta yi ƙarfi kogi ya cika, sai ya haƙura da jirgi ya bi hanyar Ɗankaza a ƙafa, tsakanin gonakin gero da masara. Azumi ya zo ya rage fita, bikin 'yarsa ya zo ya ɗan koma gidan jiya da cin shinkafa da nama, ya sake farawa.

Yau Ƙasimu bai zama siriri ba, kuma ba zai zama ba. Amma likita ya rage masa magani, yana kai goshinsa ƙasa a sallah ba tare da nishi ba, babur ma sai tafiya ta yi nisa yake hawa. Gab da babbar sallar da ta wuce ya kai ɗinki wurin Mudassir tela, wanda ya daɗe yana yi masa kaya. Mudassir ya zagaya shi da tef, ya duba, ya sake zagayawa.

"Baba Ƙasimu, yadin nan ya yi yawa. Zai yi ragowa sosai."

"To ka fitar wa jikana 'yar riga a ciki," in ji Ƙasimu, "mu je Idi iri ɗaya."