Lindsay, Wa Zai Tare Marnie?

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, mai gudu da mai rarrafe. Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, Lindsay Vukovic ya rasu a garejin gidansa da ke garin Wagga, zuciya ta tsaya masa yana wanke kabureta. Matarsa Noelene ce ta kira ni. Ina tsakiyar ciniki da wani a kan taya, sai na ce masa ya ɗauka kawai ya tafi.

Lindsay, mutane za su ce kai makanike ne, kuma tsohon ɗan tseren babur da ya bar ƙafar hagunsa a kwanar filin tsere ta kusa da madatsar ruwa tun yana saurayi. Duk gaskiya ne. Ni kuwa da na shafe shekaru ina sayar da tayoyin hannu da kayan gyara daura da rumfarka a filin tseren kulob ɗinmu, na san ka da abin da ya fi haka. Kai ne mutumin da bai taɓa sayen komai a wurina ba sai ya zagi kayan tukuna.

"Nabil, wannan taya ce ko fatar kakarka?"

"Kai da ke yawo da ƙafar roba, kai ne za ka raina roba?"

Sai ka yi dariya, ka biya, ka kuma kawo mini naman sosej cikin burodi daga kantin kulob.

Ban manta da banɗakin masu keken guragu ba, wanda kwamiti ya gina don a ɗauki hoto, daga baya aka mayar da shi ma'ajiyar jarkokin mai. Ba ka rubuta wa kowa takarda ba. Ka kwashe jarkokin ka jera su a wurin da shugaban kulob yake ajiye motarsa. Da ya zo yana faɗa ka ce, "Graeme, kai kana iya ajiye mota a ko'ina. Su ba sa iya fitsari a ko'ina." Daga ranar banɗakin ya zama banɗaki.

Amma babban aikinka Marnie Tuckwell ce. Haɗari ya kashe mata jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ita ke ɗaura wa rabin masu tseren nan waya a gargare, da wannan take ci, kuma suna kawo mata aiki ne saboda suna ganinta tana tsere a kan gargaren da ta ɗaura da hannunta. Kai ka mayar mata da giyar babur daga ƙafa zuwa babban yatsan hannu, ka yi mata maɗaurin da ke riƙe takalmanta a matakala da gwiwoyinta a jikin tanki. Idan babur yana gudu, ba mai bambanta ta da kowa. Matsalar tana wurin tashi da wurin tsayawa, domin ba ta da ƙafar da za ta dire. Dole mutum biyu su riƙe ta har ta tashi, su kuma tare ta idan ta dawo. Kwamiti bai yarda ba sai da ka ce alhakin yana wuyanka. Kai ne kullum a dama, a hagu kuma duk wanda ka kama a ranar, kana yi masa tsawa.

Kakan ce mata, "'Yar nan, ni da ke ƙafa ɗaya ce gare mu, sai mu lallaɓa ta." Ita kuma ta ce, "To tsoho, ka tabbata mai kyaun ka sa a gaba."

Shekara da shekaru ina kallonku daga rumfata, na ɗauka ƙarfi ne kawai. Tana shigowa a hankali, ka matsa, ka ba babur ƙugunka, hannunka a bayan sirdi, shi ke nan. Ba ta taɓa faɗuwa a hannunka ba.

Bayan an kai ka makwanci, muna shan shayi a zauren coci, na ji Marnie ta tambayi Graeme maganar tseren bikin Ista. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Za mu duba, ƙawata." Lindsay, ni ɗan kasuwa ne. Wanda ya juya kaya ya ce zai duba, ba ya dawowa. Kwamiti zai zauna kafin Ista, kuma na riga na san bakin zancensu: mai ɗaukar alhaki ya tafi, kamfanin inshora ba zai so ba, ba don ba a ƙaunarta ba. Duk suna ƙaunarta. Sun fi son ƙaunarta tana zaune a bayan shinge.

Saboda haka ranar Lahadi na rufe rumfa, muka je filin ni da ita da ƙaninta Rohan, don mu gwada. Ta tashi lafiya. Ta zaga, ta shigo a hankali kamar yadda ta saba. Ni kuwa na yi abin da duk wanda ya girma da babur zai yi: na cafke kan babur. Gargaren gaba ya karkata gefe, ta kife, babur a kan cinyarta, tana ɗaure da shi. Muka ɗaga.

"Kin ji ciwo?"

"Ina zan sani, sakarai? Cire mini takalmin ka duba."

A nan na gane abin da take nufi. Ƙashi zai iya karyewa ba ta ji ba. Muka duba, Allah ya kiyaye, kurjewa ce kawai. Ta ce, "Kan babur nawa ne, Nabil. Kai ƙugu kawai za ka ba ni. Ga tumbi Allah ya ba ka, ka yi amfani da shi." Muka sake, ta tsaya. Muka sake, ta tsaya da ƙyar. Rohan kuwa ya ce shi ba zai iya ba, ba zai sake ganin yayarsa a ƙasa ba, ya koma mota ya zauna. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ke damuna, Lindsay, shi ne yadda muka bar wannan duka a kan ƙugun mutum ɗaya, har muna yabon kanmu cewa kulob ɗinmu na kowa ne. Ashe kai ne kawai. Ka tafi, ƙofar tana neman rufewa a bayanka.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ya saka maka da alheri a kan kowane mutum da ka hana shi faɗuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Noelene, da 'ya'yanku Dragan da Milica, da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ina kuma yi wa Marnie ta'aziyya, ko da yake ba a sa ta a layin dangi ba.

Na shaida wa kwamiti cewa alhakin ya dawo wuyana, idan za su karɓa daga hannun mai sayar da tayar hannu. Zan tsaya a dama. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, babu kowa a hagu.

Nabil Karam