Ruwan Randar Inna Tumba

Wata Asabar ce cikin bazarar 1974, kwana huɗu ke nan famfon layinmu na Hayin Banki bai ɗigo ko ɗis ba, amma sai ga ruwa yana malala daga rariyar gidaje uku a jere. Ni ce na jawo hakan. Ina tsaye a tsakiyar layi da littafin rubutu mai jan bango da guntun fensir, shekaruna goma sha biyu, ban ma san abin da na aikata ba. Agwagin unguwa kaɗai suka ji daɗin ranar.

Malam Garba, malaminmu na aji shida, shi ya ba mu aiki ana saura mako uku hutu. Ya ce kowa ya nemi abin da yake damunsa ya yi bincike a kai, ya rubuto. Wasu suka ɗauki jirgin ƙasa, wasu kifin kogi. Ni kuwa Baba ne ya zaɓar mini, domin shi duba-gari ne, mai kakin ma'aikatar lafiya da dogon ludayin leƙa randa, kuma a ganinsa babu abin bincike a duniya da ya wuce sauro. Ya ajiye mini gwangwanin ruwa a bayan ɗaki in riƙa ƙirga 'ya'yan sauro kullum da safe. Na yi kwana biyu ina yi, a na uku kaza ta kifar da gwangwanin, wallahi har a raina na gode mata.

Abin da yake damuna daban ne, kuma Inna Tumba ce ta sa mini shi. Tsohuwa ce Basakkwata mai sayar da ƙuli-ƙuli, gida uku tsakaninmu, a ƙofarta muke carafke in mun gama shara da wanke-wanke. Wata rana ta aike ni bakin kasuwa in sayo mata guro, na ruga na dawo da goro guda biyu cikin ganye. Ta yi dariya har da hawaye, ashe kuɓewa take nufi. Tun daga ranar kunnena ya buɗe. Layinmu ya tara Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa, kowa yana yi wa bakin ɗan'uwansa dariya, ni kuwa so nake in san me ya sa barkono ya zama tonka a gidan Inna, kyanwa ta zama mussa, kogi ya koma gulbi. Sai na yanke shawarar wannan zan rubuta wa Malam, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar ɗin nan na yi sallama a gida na farko, cike da jin kaina, na ce, "Na zo bincike ne." 'Yar duba-gari, ga littafi a hannu, ga wannan kalma a baki! Matar gidan ta ce in jira a zaure. Kafin ta fito, labari ya tsallaka katanga cewa Baba ya turo ni in rubuta sunayen masu tsutsa a randa, sammaci na tafe. Ruwan ya kwana huɗu a ajiye, ba wadda ta yarda da nata. Suka yi ta tuntsurar da randuna. Inna Tumba, wadda sai da ta yi sawu shida da ciwon gwiwarta zuwa wata rijiya can wajen Kawo kafin ta cika nata, ita ma ta zubar da su tas.

Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba. Bai dake ni ba, da ma ya daka da ya fi mini sauƙi. Ya ce na ɗauki sunansa na tsorata mutane da shi, ya karɓe littafin ya ɗora a kan rediyo, ya ce gobe bayan la'asar zai sa shi a murhu in koma kan saurona. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Na yi wunin Lahadi ina jigilar ruwa da bokiti har wuyana ya sage, na cika randunanta, ba ta ce mini ci kanki ba. Na tabbata na rasa ta, na rasa littafin.

Ana idar da la'asar sai ga ta da sandarta. Ta zauna a tabarmar Umma, suka gaisa da Baba, sannan ta ce, "Malam, ba ni tashi sai na ji abin da ɗiyag ga tar rubuta bisa kaina." Baba ya miƙo mini littafin. Na fara karanto abin da na tara tun kafin ranar: guro, tonka, mussa, gulbi, kowace da ma'anarta da sunan wadda na ji a bakinta. Inna ta sunkuyar da kai tana murza carbi.

"Shi ke nan? Babu maganar randa?"

"Babu, Inna."

"Shekara ashirin ina garin ga, dariya dai akai min. Ba wanda yat taɓa tambaya ta." Ta share ido da gefen mayafi, sai kuma ta harare ni. "Ke kuwa mi ya hana ki ce koyo kinka zo? Kuma kin bar da yawa. Ɗauko alƙalaminki."

Na dubi Baba. Ya daɗe yana kallon murhu, sannan ya yi gyaran murya ya ce, in na gama da na Inna, in rubuta cewa a Katsina kakarsa gujiya take ce wa gyaɗa. Ajiyar zuciyar da na yi, Umma ta ce har daga madafa ta ji ta.

Malam Garba ya ba ni na huɗu, mai jirgin ƙasa ta zo ta ɗaya, ban damu ba ko kaɗan. A kan wannan hanya na ƙare rayuwar aikina, ina bin ƙauyuka da rikoda, daga baya ina duba ayyukan ɗalibai. In ɗalibi ya kawo mini batun da aka zaɓar masa, tun daga shafin farko nake jin warin gwangwanin nan, sai in tambaye shi abin da yake damunsa shi kansa. Yanzu layinmu ya zama shaguna, jikokin Sakkwatawa da na Kanawa bakinsu ya zama ɗaya, in ka ce guro sai su zaci tuntuɓen harshe ka yi. Ina kewar waccan hayaniyar, ina kewar Inna, Allah Ya jiƙanta. Har yau, duk ƙofar da na yi sallama, cewa nake na zo koyo.